Yadda Sola Ta Hau Rufin Gidaje a Nijar

A shekarar 1968, a wata makarantar firamare da ke gefen Yamai, aka kafa ƙaramin faifan sola yana kallon sama, aka ja waya daga jikinsa zuwa batir, daga batir zuwa akwatin talabijin. Nijar na da shekara 8 da samun 'yancin kai, malamai kuma sun yi ƙaranci, shi ya sa tun 1964 gwamnati da taimakon Faransa ta ɓullo da koyar da yara ta talabijin. Sai dai ƙauyuka ba lantarki, batiran da ake zubarwa in sun ƙare kuwa suna cin kuɗi. Faifan ya riƙe aikin, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 akwatuna sama da 100 ne ke aiki da hasken rana a makarantun ƙasar.

Abin mamaki ne in aka tuna cewa fasahar kanta jaririya ce a lokacin. A 1954 ne masu bincike na kamfanin Bell a Amurka suka fito da ƙwayar silikon mai mayar da kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta zuwa lantarki, kuma saboda tsada, taurarin ɗan'adam ne manyan masu amfani da ita. Yaran karkarar Nijar suna cikin talakawan farko a duniya da suka ci moriyarta.

Ba za a ba da wannan tarihi ba tare da Abdou Moumouni Dioffo ba. A Tasawa aka haife shi a 1929, ya yi karatun kimiyyar fiziks a Faransa har digirin digirgir, ya yi aiki a Gini da Mali, inda ya jagoranci ɗakin binciken makamashin rana a Bamako. A 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ONERSOL, hukumar makamashin rana da aka kafa a Yamai a 1965, ya riƙe ta har tsakiyar shekarun 1980. Hankalinsa ya fi karkata ga zafin rana, ba ga faifan lantarki ba, kuma dalilinsa mai ƙarfi ne: faifai sai an sayo daga Turai da kuɗi masu nauyi, amma tankin ɗumama ruwa, da na'urar tace ruwa, da murhun madubi, duk maƙerin gida zai iya haɗa su da ƙarfe da gilashi. Maƙerar hukumar ta ƙera tankunan ruwan zafi da aka ɗora a kan gidaje da ma'aikatu, ta kuma gwada injin da zafin rana ke juyawa. Abin da malamin yake nema shi ne ƙasar da ba ta da teku, wadda a lokacin kowace litar mai sai ta yi doguwar tafiya a mota kafin ta iso, ta riƙa ƙera kayanta da hannunta.

Murhun madubi bai samu karɓuwa ba, kuma laifin ba na mata ba ne. Tuwon dare da yamma ake tuƙa shi, lokacin da rana ta yi sanyi, sannan ba wadda za ta so ta tsaya a tsakar gida da azahar ɗin bazara tana juya madubi.

Farin da ya addabi Sahel a farkon shekarun 1970 ya sa aka fara haɗa faifai da famfon rijiyar burtsatse, musamman a Mali. Daga baya firjin ajiye allurar rigakafi a asibitocin karkara ya biyo. Amma gidan talaka ya ci gaba da fitilar ƙwai da a-ci-bal-bal, birane kuma suka dogara da wutar da ake jawowa daga Najeriya ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, mai araha. Moumouni ya rasu a 1991, a 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa, alhali sola ba ta wuce kayan ayyukan agaji ba.

Farashi ne ya sauya lissafin. A 1977 wat ɗaya na ƙwayar sola ya haura dala 70. Yau, bayan masana'antun China sun cika duniya da faifai, bai kai rabin dala ba. A ɗaya gefen kuma buƙatar gida ta ragu: ƙwan LED mai wat 8 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa. Sai wayar salula ta zo ta ba kowane magidanci dalilin neman wuta ko da kaɗan ce. Mai shagon caji a kasuwar ƙauye, da faifansa ɗaya a kan rumfa da batirin mota a ƙarƙashin tebur, ya yi wa sola tallan da babu hukumar da ta taɓa yi mata.

Sannan 2023 ta zo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga ɗauke wuta na sa'o'i, masu sayar da faifai da batir suka ga ciniki. A shekarar ce tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki, bayan ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018. A tsallaken iyaka ma, cire tallafin fetur a watan Mayu ya sa masu janareta a Kano da Sakkwato suka fara tambayar kuɗin sola.

Mai shirin fara amfani da sola yau yana fuskantar tambayar da masu talabijin ɗin 1968 suka fara amsawa: me za a kunna, kuma na awa nawa? Ƙwai huɗu da fanka da cajin waya lissafinsu daban, firji da injin ƙanƙara lissafinsu daban. Faifai mai wat 300 yana iya tara kusan wat 1,500 na awa a yini mai haske, amma ƙurar hunturu tana rage shi in ba a goge ba, zafin Afrilu ma yana rage shi, domin faifai haske yake so, ba zafi ba. Inda aka fi yin asara shi ne batir. Batir mai ruwa in ana zuƙe shi fiye da rabi kullum, ko aka haɗa shi kai tsaye ba na'urar daidaita caji, ba ya daɗewa; na litiyam ya fi juriya amma ya fi tsada. Faifai kan yi shekara 20 ko fiye yana aiki, a cikinsu za a sauya batir sau da yawa, kuma masu saye kaɗan ne ake gaya wa haka a shago.

Akwai ɓangaren burin Moumouni da har yanzu bai cika ba, kuma abin damuwa ne. Faifan, da batirin, da inbatar, kusan duk a kwantena suke zuwa, tashar Gorou Banda ma kamfanonin Faransa ne suka gina ta da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Tarayyar Turai. Abin da ke hannun 'yan ƙasa shi ne walda ƙarfen da faifai ke zama a kai, da jan waya, da gyara, kuma yawancin samarin da ke wannan aiki a wurin maigida suka koya, ba a makaranta ba.