Jifan Lanƙwasa da Hannun Yaro: Ina Laifin Yake?

A wasan besbol, mai jifa yana da manyan makamai biyu. Akwai miƙaƙƙen jifa, wanda ƙarfinsa duk a gudu yake. Akwai kuma jifan lanƙwasa, inda ake murza ƙwallon da yatsu da wuyan hannu, ta taho kamar za ta wuce daidai ƙirjin mai bugu, sai ta karkata ta yi ƙasa. An daɗe a Amurka iyaye da masu horarwa da likitoci bakinsu ɗaya cewa na biyun ne ke lalata hannun yara. Dakta James Andrews, likitan ƙashin da ya yi wa ɗimbin 'yan wasa tiyata, ya sha gargaɗin kada yaro ya fara shi sai ya isa aske gemu.

Tsoron yana da tushe. A gwiwar hannun yaro, ta gefen da ke kallon jiki, akwai guringuntsin da ƙashi ke girma daga gare shi, kuma ba ya gama daskarewa sai wajen shekara 15 ko 16. Kowane jifa yana fizgar wannan wuri. Idan ƙashin ya ƙosa, nauyin sai ya koma kan jijiyar da ke riƙe gaɓar, wadda Dakta Frank Jobe ya fara musanyawa a 1974 a hannun Tommy John na ƙungiyar Los Angeles Dodgers. Tiyatar da aka ƙirƙiro don ceto sana'ar ƙwararre, yau har 'yan sakandare ake yi wa.

Binciken da ya fi ƙarfafa zargin ya fito ne a 2002 daga cibiyar ASMI da ke Birmingham a jihar Alabama, wadda Andrews ɗin ne ya kafa. An bi yara 476, 'yan shekara 9 zuwa 14, tsawon kakar wasa guda. Masu jifan lanƙwasa sun fi sauran kukan ciwon kafaɗa da kashi 52 cikin ɗari, masu ɗan'uwansa mai zamewa gefe kuwa sun fi kukan gwiwar hannu da kashi 86. Sai dai ciwo aka tambaye su, ba rauni ba.

Da cibiyar ta koma ɗakin gwaji a 2008 ta auna motsin yara 29 da kyamarori, abin da ya fito ya saɓa wa tsammaninta: miƙaƙƙen jifa ya fi na lanƙwasa ɗora wa gwiwar hannu da kafaɗa nauyi, domin da shi ne yaro ke zuba iya ƙarfinsa. A 2011 Glenn Fleisig da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bin yara 481 na tsawon shekara goma. Kashi 5 cikin ɗari sun ji raunin da ya kai ga tiyata ko barin wasa. Wanda ya yi jifa a zangon wasa sama da 100 cikin shekara, haɗarinsa ya ninka sau uku da rabi. Fara jifan lanƙwasa kafin shekara 13 bai nuna wata alaƙa tabbatacciya ba. Wani binciken na 2006 ya fi tayar da hankali: matashin da ya saba yin jifa hannunsa a gajiye ya fi waninsa yiwuwar shiga ɗakin tiyata sau 36.

A ganina, wanke jifan lanƙwasa tas ma garaje ne. Jifan da yaro ke yi a ɗakin gwaji, a huce, ba shi ne wanda yake yi a ƙarshen wasa ba, lokacin da hannu ya yi nauyi, tsarin jifan ya fara wargajewa. Sannan akwai hanyar da wannan jifa ke cutarwa ta bayan gida. Ɗan shekara 12 da ya iya shi, tsaransa ba sa iya bugun ƙwallonsa. Koci ya ga nasara, ya riƙa sa shi kowane mako, wasu ƙungiyoyin su ma su nemi aronsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani: an zuba wa salon jifan ido, alhali manya ne ke tara wa yaron aiki.

Shi ya sa dokokin da suka biyo baya suka koma kan ƙidaya. A 2007 gasar yara ta Little League ta ƙayyade jifa 85 a rana ga 'yan shekara 11 da 12, tare da hutun dole, ba ta kuma haramta jifan lanƙwasa ba. Japan, inda Tomohiro Anraku ya yi jifa 772 a gasar Koshien ta bazarar 2013 yana ɗan shekara 16, sai a 2020 ta sa wa 'yan sakandare iyakar jifa 500 a mako. Giɓin da ya rage a Amurka shi ne kowace gasa nata take ƙirgawa. Yaron da ke wasa a ƙungiya biyu ko uku zai iya bin dokar kowacce, hannunsa kuma ya ɗauki jimillarsu duka, watanni takwas ko fiye a shekara.