Daga Hannun Maɗori Zuwa Allurar Kashe Jijiya

A tsofaffin unguwannin birnin Kano irin su Madabo, har gobe idan yaro ya faɗo ya karye, maɗori ake fara tunawa kafin likita. Ƙarti biyu su danne shi, maɗori ya ja ƙashin ya daidaita, a ɗaure da karare da tsumma ana tofa addu'a. Haka wanzami yake kaciya. Dauriya ce kaɗai maganin zafin, shi ya sa ake zuga yaro da cewa namiji ba ya kuka. Iyayenmu ba mugunta suka yi ba, abin kashe zafin ne babu.

Abin mamaki, daga hodar iblis aka samo bakin zaren kashe jijiya. Mutanen tsaunukan Andes sun daɗe suna tauna ganyen koka, suna jin harshensu ya mutu. A 1860 Albert Niemann ya tace sinadarin hodar daga ganyen a Jamus. A 1884 Carl Koller, wani matashin likita a Biyana, ya ɗiga shi a ido, ya ga ana iya taɓa ƙwayar idon ba a ji. Kafin shekarar ta fita, William Halsted da Richard Hall a birnin New York suka yi tunanin da ya fi wannan: a bar wurin da za a yanka, a nemi jijiyar da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa, a zuba maganin a gefenta, kamar a yanke waya daga jikin falwaya. A jikinsu suka riƙa gwaji, jarabar hodar kuwa ta kama su, Halsted bai rabu da wahalarta ba har ya mutu.

A 1898 August Bier ya yi allurar baya a Kiel, shi ma ya gwada a kansa, ya kwanta kwanaki da matsanancin ciwon kai. Yau da ita ake yi wa ɗimbin mata tiyatar haihuwa a manyan asibitocin Kano, mace tana farke ta ji kukan jaririnta. A 1911 wani likita mai suna Kulenkampff ya kashe hannu guda sukutum da allura a gindin wuya. Sai magunguna marasa jaraba suka biyo baya: lidocaine a Suwidin a 1943, sannan bupivacaine, wanda ke riƙe wuri sa'o'i da yawa bayan an gama aiki.

Amma a wancan lokacin likita laluben jijiyar yake yi, sai majiyyaci ya ce ya ji wani abu ya tsarga masa. Daga 1994, da aikin Stephan Kapral a Biyana, aka soma amfani da na'urar sikanin, irin ta duba masu ciki, likita yana kallon jijiyar da tsinin allurar a allo.

A ganina babu inda wannan dabara ta fi dacewa kamar wajenmu. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, bai da nisa da Madabo, kuma kullum cike yake da waɗanda hatsarin babur da na mota ya karya wa hannu ko ƙafa. Da yawansu tsoron allurar barci ne, kada a ƙi farkawa, ke mayar da su wurin maɗori, wasu sai ƙafa ta ruɓe a dawo da su. Kashe jijiya ba ya cin iskar oksijin da yawa, mutum yana numfashi da kansa, bayan tiyata kuma bukatar su tramadol tana raguwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne na'urar sikanin a ɗakin tiyata, da likitocin da suka goge da riƙe ta.