Zunubi da tsarki a wurin Katolika: abin da baftisma ke wankewa da abin da take bari

A Tasawa da Mayahi, inda kusan kowa Musulmi ne, mutum na iya shafe shekaru da maƙwabci Kirista bai san abin da addininsa ke kira zunubi ba. Mabiya Katolika a gundumomin nan biyu ƴan kaɗan ne, kuma suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi. Fafaroma Jean-Paul na Biyu ne ya yanke wannan yanki daga na Yamai a 2001, ya naɗa Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso, bishop na farko. Yankin ya haɗa jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram, Agadas da Difa.

A koyarwar Katolika, kowane ɗan Adam ana haifarsa da zunubin asali, wanda ya gada daga saɓon Adamu da Hauwa'u. Nan ne suka raba hanya da Musulunci, wanda ba ya ɗora wa jariri laifin kakanni. Baftisma, wato wankan shiga addinin, tana shafe wannan gado tare da duk laifin da mutum ya yi kafin ranar, kuma sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Amma ba ta cire son zuciya. Wanda aka yi wa baftisma da safe na iya tauye mudu da yamma.

Zunubin da ya biyo baya kashi biyu ne. Ƙarami yana raunana dangantakar mutum da Allah, babba kuwa yana yanke ta. Littafin koyarwar cocin na 1992 ya ce sai abu uku sun haɗu kafin zunubi ya zama babba: laifin ya kasance mai nauyi, kamar kisa, zina ko shaidar zur, mai yinsa ya san haramun ne, kuma ya aikata da ganganci.

Mai babban zunubi ba ya karɓar Jibin Ubangiji sai ya je gaban limamin coci, wanda ake kira fada, ya faɗi laifinsa da bakinsa. Tun babban taron Lateran na 1215 aka wajabta yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma da yawa kan yi a azumin kwana 40 kafin Ista. Fada ba ya da ikon tona abin da ya ji, ko da a gaban alƙali ne. In ya tona, ya kori kansa daga cocin nan take. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, gafarar ba ta cinye haƙƙin wani. Wanda ya ci iyakar gonar maƙwabci sai ya mai da ta, wanda ya ɓata sunan wani sai ya gyara. A ƙasar da rikicin gona ke cika fadar hakimi kowace damina, wannan sharaɗi ya fi faɗin laifin wuya.

Duk wannan hanya ce zuwa tsarki. An daɗe ana ganin tsarki aikin fada ne da mata masu zaman zuhudu. Babban taron Vatikan na Biyu, a takardarsa Lumen Gentium ta 1964, ya ce kiran ya hau kan duk wanda aka yi wa baftisma, da manomi da malamin lakwal da mai sayar da ƙosai. Misalin da ya fi kusa da nan shi ne Charles de Foucauld, sojan Faransa da ya yi ƙuruciyar sharholiya, ya tuba, ya zauna cikin Buzaye a Tamanrasset har aka kashe shi a 1916. A 2022 Fafaroma Francis ya saka shi cikin waliyyai.

Saura matsalar nisa. Daga Tasawa zuwa babbar majami'ar Maraɗi ya fi kilomita 100, kuma limaman ba su da yawa. Ga wanda bai samu fada ba, cocin ta ce nadama ta gaskiya saboda ƙaunar Allah na kawo gafara, muddin ya ƙudurta zai je ya faɗi laifin da zarar ya samu hali.