Yadda Kyanwa Ta Koma 'Yar Kulle, Har Ake Fita da Ita a Igiya

A Kaduna, dabbobin da ake ja da igiya sanannu ne: ragon layya ana tahowa da shi daga kara, dokin folo a gefen Dandalin Murtala, biri ko kura a hannun masu wasa. Kyanwa ba ta cikin jerin. Duk wanda ya fito titin Isa Kaita ko wani layi a Malali riƙe da mage a igiya, sai ya shirya wa rakiyar yara da kallon manya. Amma a Amurka da Turai da Ostiraliya abin yana ta yaɗuwa, hotunansa kuma suna shigo mana ta waya kullum. Abin da hotunan ba sa nunawa shi ne, ba a fara fita da kyanwa yawo ba sai bayan da aka rufe mata ƙofa.

Kakar kyanwar gida ita ce kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda har yau ake samun irinta a dazukan Sahel. Ba kama ta aka yi aka horar ba kamar doki. Mutum ya fara noma ya tara hatsi, ɓera ya biyo hatsi, kyanwa ta biyo ɓera, mai rumbu ya ga ribarsa ya ƙyale ta. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 wanda aka binne mutum da kyanwa a gefensa. Misirawan zamanin Fir'auna kuwa har bauta suka haɗa da ita, a garin Bubastis da ke kusa da Zagazig ta yau. A duk tsawon wannan zama yarjejeniyar ɗaya ce: tana kama ɓera, ana barin ta ta shiga ta fita.

Musulunci ya ƙarfafa yarjejeniyar. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, domin Manzon Allah (SAW) ya sanya ta cikin masu kai-komo a tsakanin mutanen gida, ba najasa ba ce. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba. Duk ɗan makarantar Islamiyya a Tudun Wada ko Unguwar Sarki ya san wannan hadisi, kuma ina ganin shi ne ya sa Bahaushe yake jin nauyin ɗaure mage ko da bai damu da ita ba. Malamai dai sun bayyana cewa laifin matar yunwar da ta bar dabbar da ita ce, wanda ya ajiye kyanwa yana ci da ita bai shiga ciki ba.

Ginin gidan Hausa ma bai san kulle kyanwa ba. Tsakar gida a buɗe take, zaure ba ya rufuwa da rana, akwai rariya a gindin katanga, katangar kuma ta haɗa gida goma. Mage takan haihu a ɗakin ajiyar wannan gida, ta ci ƙanzo a na gaba, ta kwana a rufin na uku. Shi ya sa idan muzuru ya ɗauke ɗan tsako ba a cika samun wanda za a kai wa ƙara ba. Kowa sai ya ce ba nasa ba ne. Ba kuma lallai a ce soyayya ce zalla ba. Baƙar mage mai kuka da tsakar dare ta sha jifa a kan zargin maita ko aljanu.

Kaduna ta zo da wani irin gida dabam. Lugard ne ya zaɓi wurin, sojoji suka fara tarewa daga Zungeru a 1913, hedikwatar Arewa ta biyo baya a 1917. Dokar garuruwa ta wannan shekara ta raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, da tazarar fili mai yadi 440 da ba a gini a ciki. Abin da ya fito shi ne unguwar da muke kira Jiyare: gida guda tsaye shi kaɗai a tsakiyar makeken fili, ba ya jingine da na kowa. Bayan 1960 manyan ma'aikatan Jihar Arewa suka gaji gidajen. Da tsoron ɓarayi ya ƙaru, shingen furanni ya koma doguwar katanga mai fasassun kwalabe, daga baya waya mai reza, ga karnukan gadi. Bayan rikicin Fabrairun 2000 kuma jama'a suka yi ta sauya unguwa, arewacin kogin Kaduna ya cika ya batse, filaye suka tsuke, benaye da gidajen haya masu tagogin raga suka yawaita a Unguwar Rimi da Badarawa da Unguwar Dosa. A irin wannan gida, kyanwar da ke ciki ba ta da hanyar fita, wadda ta fita kuma ba lallai ta dawo ba.

Abin da ya sa zaman cikin ɗaki ya yiwu daga Amurka ya fito. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, su ma can sakin kyanwa suke yi da dare, don toka ko yashin da ake zuba mata ta yi bayan gida ba sa kashe wari. A 1947 wani ɗan kasuwa a jihar Mishigan, Edward Lowe, ya fara sayar da busasshen yumɓu mai tsotse fitsari. Ga abincin gwangwani, ga fiɗiya da cire mahaifa a asibitin dabbobi, waɗanda suka rage kukan barbara da fesa fitsari a bango. Da waɗannan uku, kyanwa za ta iya rayuwa daga haihuwa har mutuwa ba ta taka ƙasa ba.

Sai masu kishin tsuntsaye suka shigo maganar. Wani bincike da Scott Loss da abokansa suka wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa kyanwoyi na kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 duk shekara a Amurka. A Kanbera, babban birnin Ostiraliya, doka ta ce duk kyanwar da aka haifa daga 1 ga Yulin 2022 ba za ta bar harabar mai ita ba, sai dai a igiya. Wannan kullen shi ne asalin fita da kyanwa a igiya. Dabbar da aka kulle tana yin ƙiba, tana yaga kujeru don gundura, mai ita sai ya nemo hanyar ba ta iska ba tare da ya sake ta ba. Ba a wuya ake ɗaura igiyar ba, domin kafaɗun kyanwa na da laushi, tana iya zamewa ta baya ko ta shaƙe kanta. Ɗamara ake sa mata mai kama ƙirji da kafaɗu. Kuma ba ta bin mutum kamar kare. Ita ke tsayawa ta shinshina, mai igiya ya jira.

A Kaduna, kyanwar da ta kai ga wannan matsayi ita ce wadda aka saya da kuɗi, irin mai dogon gashin nan ta Farisa da ake talla a Instagram da WhatsApp, kyanwar Lami ta gaske, ba cizo ba yakushi. Mai ita yana da hujjar tsare ta. Ga motoci, ga masu ɗauka, ga maganin ɓera da ake barbaɗawa, musamman lokacin rani da ake gargaɗi kan zazzaɓin Lassa. Mage da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya. Ga kuma ciwon haukan kare, wanda kyanwa ke kamuwa da shi ta kuma sa wa mutum, shi ya sa likitocin dabbobi, irin waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke yayewa tun ƙarshen shekarun 1960, ke cewa a yi mata allura kafin ta fara hulɗa da na waje.

Duk da haka, a nawa ganin, titin Kaduna ba wurin yawon kyanwa ba ne. Kwalta a watan Maris tana ƙona tafin ƙafarta, ƙarar Keke Napep ɗaya ta isa ta firgita ta, kuma kyanwa dabba ce da hankalinta ke kwanciya a yankin da ta sani kaɗai. Mai fili a bayan gida, ko da ɗan ƙarami ne, ya zagaya da ita can da sassafe ko bayan la'asar. Mafi yawan magen Kawo da Rigasa kuwa har yanzu ba su da mai su guda ɗaya, balle igiya.