Tarihin Tiyatar Ƙaramar Huda: Yadda Na'ura Ta Koyi Bin Hanya A Cikin Jikin Mutum



A zamanmu na ƙarshen wata a Garki, wani dattijonmu ya ce gara ya mutu da ciwonsa da a tsaga masa ciki. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihi.

Tiyata ba baƙuwa ba ce a wurin Musulmi. Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya zana kayan tiyata kusan 200 a littafinsa At-Tasrif. Sai dai ɗaruruwan shekaru matsalar ɗaya ce: likita ba ya ganin cikin jiki sai ya yi yanka mai faɗi.

A 1901 Georg Kelling na Jamus ya leƙa cikin kare ta wani siririn bututu mai fitila. A 1910 Jacobaeus na Suwidin ya yi wa mutane. A 1985 Erich Mühe, shi ma Bajamushe, ya cire maɗaciya ta ƙaramar huda.

Gani daban, sanin hanya daban. A 1985 ɗin, a Kalifoniya ta Amurka, aka ɗauki hoton kan wani majinyaci da na'urar CT, kwamfuta ta mayar da hoton taswira, sannan hannun mutum-mutumi mai suna PUMA 200 ya saita allura daidai inda za a ɗebo tsokar gwaji a ƙwaƙwalwa. An fara da kai ne saboda ƙoƙon kai ba ya motsi. Hanta da huhu kuwa suna motsawa da kowane numfashi, taswirar jiya ba ta isa yau. Don haka har yanzu masana na aikin ganin kyamara ta riƙa sabunta taswirar ana tsakiyar aiki.

A 2000 Amurka ta amince da na'urar da Vinci. Ranar 7 ga Satumba 2001, Jacques Marescaux yana zaune a New York ya cire maɗaciyar wata mata da ke Strasbourg ta Faransa. A 2013 da Vinci ta iso Pretoria, Afirka ta Kudu. Ku lura, na'urar ba ta yanke shawara da kanta. Likita ne ke sarrafa ta.

A nan Abuja akwai asibitocin da ke yin tiyatar ƙaramar huda, kuma yawanci ciwon ya fi saurin warkewa. Amma ba kowace cuta take yi wa ba, musamman wadda aka bari ta yi nisa. Tun da wuri ake tsere wa dare. Wanda aka ce masa sai tiyata, ya tambayi likita ko ta huda za ta yiwu, da kuɗinta, kafin tsoro ya mayar da shi gida.

Baba, da kai nake. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Sakataren Ƙungiya