Kwalejin Barewa: Tarihinta da Abin da Ya Shafe Mu Nan Gaya



Mu nan Gaya, Najeriya ba nesa ba ce. Mutum na karya kumallo gida ya ci kasuwar Kamba, ya dawo kafin la'asar. Amma da yawanmu mun fi sanin farashin kaya na can bisa tarihin makarantunsu. Shi ya sa na zaɓi in kawo muku labarin makarantar gwamnati guda, Kwalejin Barewa ta Zariya, wadda ta cika shekara 100 a 2021.

Asalinta Katsina ne. An kafa ta a 1921, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, kuma Gwamnan Ingila na Najeriya, Hugh Clifford, ya yi bukin buɗe ta a watan Maris na 1922. Ba banza anka zaɓi Katsina ba. Gari ne da ya yi suna kan ilimi tun zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ga hasumiyar Gobarau na tsaye tana shaida. Turawa sun san iyaye Musulmi na ɗari-ɗari da boko, suna ganin hanya ce ta raba yaro da addininsa. Don haka anka sa makarantar inda mutane sunka saba tura ɗiyansu neman sani, anka kuma sa Larabci da karatun addini cikin darussa.

Manufar farko ƙarama ce: a horar da malamai da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. Karatun shekara 5 ne, ɗalibai na kwana cikin makaranta. Ana koyar da Turanci, lissafi, tarihi, labarin ƙasa da dabarun koyarwa. An matsa ƙwarai kan iya furta Turanci, abin da ya sa daga baya duniya ta yi ta mamakin lafazin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da marece kuma wasa dole ne, akwai kurket, akwai ƙwallon da ake bugawa jikin bango da tafin hannu, wadda Sardauna bai daina bugawa ba har girmansa. Kowane ɗalibi na da lambarsa ta shiga, kuma har yau tsofaffin ɗalibai da lambar nan suke gane wane ne yaya, wane ne ƙane.

A 1938 makarantar ta tashi zuwa Kaduna, anka riƙa kiranta Kwalejin Kaduna. A 1949 ta koma Zariya, inda take har yanzu, kuma a 1971 ta ɗauki sunan Barewa, dabbar da ke jikin tambarinta. A tsawon wanga lokaci ta tashi daga gidan horar da malamai ta zama cikakkiyar sakandare mai darussan kimiyya, mai shirya yara shiga jami'a. Tsohon gininta na ƙasa a Katsina yanzu gidan tarihi ne.

To, mi ta haifar? Ahmadu Bello ya gama a 1931, ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato, daga baya ya zama Sardauna kuma Firimiyan Jihar Arewa. Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan sarki ba ne, ya gama a 1933, ya zama Firayim Ministan Najeriya. Malam Aminu Kano da Shehu Shagari sun yi ta lokacin tana Kaduna. Yakubu Gowon da Murtala Muhammad sun yi ta a Zariya, haka ma Umaru Musa Ƴar'aduwa. Kun ga ke nan mutum 5 da sunka riƙe ragamar Najeriya sun zauna bisa bencinta. Gowon Kirista ne, wanda ke nuna ƙofarta ta faɗaɗa bayan shekarun farko. Sarkin Musulmi na yanzu, Muhammadu Sa'ad Abubakar, shi ma ɗanta ne.

Amma ni abin da ya fi burge ni ba mulki ba ne, alƙalami ne. Lokacin gasar rubutun Hausa ta 1933, cikin waɗanda sunka yi fice akwai Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja, da Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar, dukansu ɗaliban Katsina, da Malam Bello Kagara mai Ganɗoki, wanda malami ne a makarantar. A 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Sa'adu Zungur, malamin addini kuma mawaƙin siyasa, nan ya bi. Mutanen nan sun iya Turanci, sun san Larabci, amma ba su yar da Hausa ba. Duk wanda ya yi lakwal mai harshe biyu ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai dai tarihi ba kirari ba ne, dole a faɗi ɗaya gefen. Makarantar ta maza ce zalla, ɗiya mata ba su da rabo. Ɗalibanta kaɗan ne ƙwarai bisa yawan jama'ar Arewa, kuma da farko ɗiyan masu sarauta da na kusa da fada sunka fi samun wuri. Turawa ma'aikata suke so, ba masu ja da su ba. Ikon Allah, cikin ɗaliban ne anka samu su Zungur da Aminu Kano, waɗanda sunka tsaya kan haƙƙin talaka.

Gefenmu na Nijar, hanyar ta fi tsawo. Faransa ta tara makarantarta babba ta horar da malamai, William Ponty, can Senegal. Diori Hamani, Boubou Hama da Djibo Bakary sai da sunka bar ƙasa kafin su same ta. Madarasar farko ta Faransanci da Larabci ta gwamnati sai a 1957 anka buɗe ta a Say. Yau kuwa yaron Gaya na iya yin CEG da lise har ya ɗauki bak bai bar gaban iyayensa ba, ga jami'a a Dosso tun 2014. Abin da kakanninmu sunka yi wa tafiyar makonni, mu da ƙafa muke zuwa.

Ga inda zancen ya dawo kanmu. Garin iyaka ne namu, kuɗin yau na kiran yaro da ƙarfi: kabu-kabu, dakon kaya bakin gada, sayar da mai cikin kwalabe. Yaro ya ga sa'ansa ya sayi babur, shi kuwa yana zaune aji mai cunkoso, sai ya aje littafi. Amma duk mun ga yadda kasuwa ta yi sanyi da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da kuma abin da ya biyo bayan Yuli 2023, lokacin da gadar Malanbil ta tsaya cik. Iyaka na rufuwa dare ɗaya. Abin da ke cikin kai babu mai sa masa shinge.

Ɗaya daga cikin abubuwan da sunka riƙe Barewa shi ne ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, masu komowa su gyara aji, su tallafa wa na baya. Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Mu da ke jami'a mu ware kwanakin hutu mu yi wa masu shirin BEPC da bak bita kyauta. Mu bi gidajen da anka fidda yarinya daga aji, mu zauna da iyayenta cikin ladabi. Mu je wurin tsofaffin malaman garin nan tun suna raye, mu rubuta abin da sunka sani na makarantunmu: yaushe anka buɗe, su wa sunka fara koyarwa, su wa sunka fara zama aji. In ba mu rubuta ba, ƙannenmu ba za su samu abin karantawa ba ran da lisenmu zai yi nasa bukin.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya saka wa malamanmu da alheri. Amin.