Reform Club na Landan: Gidan da Siyasa Ta Gina, Girki Ya Raya

Kafin shekarar 1832, zaɓen 'yan majalisa a Ingila cike yake da rashin adalci. Akwai mazaɓu irin su Old Sarum, wani kufai da mutane suka daɗe da tashi daga cikinsa, amma yana tura wakilai biyu majalisa, alhali manyan biranen masana'antu kamar Manchester da Birmingham ba su da wakilin kansu ko ɗaya. Bayan doguwar taƙaddama da tarzoma a tituna, gwamnatin Firaminista Earl Grey ta yi nasarar zartar da dokar gyaran zaɓe a 1832. Aka soke ruɓaɓɓun mazaɓu da yawa, aka ba sababbin birane kujeru, aka kuma ƙara yawan masu jefa ƙuri'a, ko da yake talakawa da mata ba su shiga ciki ba.

'Yan jam'iyyar Tory da suka yaƙi dokar ba su zauna jimami ba. A wannan shekarar suka kafa Carlton Club, inda suke haɗuwa su ci abinci su tsara yadda za su ƙwato mulki. Su kuwa masu goyon bayan gyara, a warwatse suke. Manyansu 'yan jam'iyyar Whig suna da tsohon kulob mai suna Brooks's, amma na masu sarauta ne da 'ya'yan gidan gado, bai ɗauki sababbin 'yan majalisa ba, wato lauyoyi da 'yan kasuwa da masu masaƙu da suka iso Landan daga arewacin ƙasar ba tare da sanin kowa ba. Ganin haka ne ya sa Edward Ellice, ɗan majalisa mai wakiltar Coventry kuma attajirin da ya yi dukiya a kamfanin Hudson's Bay, ya haɗa kai da masu tsattsauran ra'ayin kawo sauyi irin su Sir William Molesworth, suka kafa Reform Club a 1836. Sharaɗin zama mamba shi ne mutum ya yarda da dokar 1832. Suka kama gida a lamba 104 kan titin Pall Mall, katanga ɗaya da abokan hamayyarsu na Carlton.

Ba da daɗewa ba gidan ya yi musu kaɗan. Aka sa gasa tsakanin masu zanen gini, Charles Barry ya lashe, shi ne kuma wanda aka ba aikin sake gina majalisar dokokin ƙasar bayan gobarar 1834. Barry ya kwaikwayi fasalin fadar Farnese ta birnin Rum, sai dai ya lulluɓe tsakar gidan da rufin gilashi saboda ruwa da sanyin Landan, ta zama katafaren zaure mai ginshiƙai da bene kewaye. An kammala ginin a 1841, da ɗakin cin abinci, da ɗakin karatu, da ɗakunan kwana ga mambobin da dare ya yi wa.

Amma sunan da gidan ya yi a duniya daga ƙarƙashin ƙasa ya taso, daga kicin. A 1837 kulob ɗin ya ɗauki wani kuku Bafaranshe, Alexis Soyer, yana da shekara ashirin da 'yan kai. Soyer ya zauna da Barry suka tsara kicin ɗin tare. Ya kawo girki da iskar gas a lokacin da gawayi da kwal aka fi sani, ya sa tandunan da ake iya rage musu zafi ko a ƙara, da ma'ajiyar nama da kifi da ruwan sanyi ke ratsawa don kada su lalace. Kowane aiki da wurinsa: inda ake gashi daban, inda ake miya daban, inda ake kayan zaƙi daban. Har baƙi suka riƙa neman izinin a zagaya da su su gani da idonsu. Ranar 28 ga Yuni, 1838, ranar naɗin Sarauniya Victoria, tun ma kafin a gama sabon ginin, Soyer ya shirya karin kumallon mutum 2,000. A 1846 ya haɗa wata ƙasaitacciyar liyafa don karrama Ibrahim Pasha, ɗan Muhammad Ali mai mulkin Masar. Haƙarƙarin ɗan rago da ya ƙirƙiro, wanda ake tsomawa cikin garin burodi a soya a zuba masa miya mai ɗan tsami, har yau ana cin sa a gidan da sunan kulob ɗin.

Waɗanda suka kafa gidan sun gane abin da Bahaushe ya sani game da ciyayya a ƙofar gida: mutanen da suke sa hannu a akushi ɗaya kullum, da wuya saɓani ya raba su har abada. Ɗan gidan sarauta da mai masaƙa daga Lancashire ba su da wurin haɗuwa a wancan zamani, amma teburin Reform ya zaunar da su kafaɗa da kafaɗa. Lokacin da ɓangarorin nan suka dunƙule suka zama jam'iyyar Liberal a 1859, gidan ya zama tamkar hedikwatarta. Lord Palmerston da William Gladstone duk mambobi ne, kuma a can jam'iyyar ta riƙa yin manyan tarukanta, ciki har da wanda Herbert Asquith ya yi da magoya bayansa a Disambar 1916 bayan ya sauka daga kujerar firaminista. Marubuta ma sun shigo, irin su William Thackeray da Arthur Conan Doyle da H. G. Wells. Marubucin Faransa Jules Verne, a labarinsa na 1872, daga wannan gida ya tayar da jaruminsa Phileas Fogg, wanda ya yi fare na fam 20,000 cewa zai zagaye duniya cikin kwana tamanin.

Abin da ya fi burge ni a tarihin Soyer shi ne bai bar iliminsa ya tsaya a cikin masu hali ba. A 1847, lokacin da yunwa ta afka wa Ireland saboda cutar dankali, ya tafi Dublin ya buɗe wurin dafa wa dubban mayunwata abinci kyauta. Ya bar kulob ɗin a 1850, kuma a 1855 ya tafi yaƙin Crimea da kuɗin aljihunsa, ya gyara girkin asibitin soja na Scutari tare da Florence Nightingale. Murhun da ya ƙera wa sojoji a filin daga, rundunar Birtaniya ta yi fiye da shekara ɗari tana amfani da shi. Ya rasu a 1858.

Siyasar gidan kuwa ta riƙa dusashewa. A 1882 aka kafa National Liberal Club don karɓar 'yan jam'iyya da yawa, sannan a 1886 batun ba Ireland 'yancin gudanar da harkokinta ya tsaga Liberal gida biyu. Mambobin da suka zama abokan gaba a majalisa suka ci gaba da cin abinci a ɗaki ɗaya, saboda haka dole gidan ya daina zama na ɓangare guda. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya jam'iyyar ta durƙushe, jam'iyyar Labour ta maye gurbinta, amma kulob ɗin bai bi ta ba. Manyan ma'aikatan gwamnati da lauyoyi da malaman jami'a da 'yan jarida suka cike kujerun. A yau ba shi da alaƙa da kowace jam'iyya.

Ƙofar shiga ita ce inda tarihin ya fi nauyi. A al'adar irin waɗannan gidaje, sai wani mamba ya gabatar da mutum, wani ya mara masa baya, sannan a yi ƙuri'ar sirri, inda masu ƙin sa ke jefa baƙin ƙwallo, kuma kaɗan kan isa a hana shi. A 1913 Winston Churchill ya fice daga Reform don nuna fushinsa kan hana abokinsa Baron de Forest shiga ta wannan hanya. Turawan mulkin mallaka sun kai wannan al'ada ƙasashen da suka mamaye, suka ɗora mata wariyar launin fata, abin da ya sa wasu 'yan Najeriya da abokansu baƙi suka kafa Island Club a Legas a 1943 don mutanen kowane launin fata. A Landan kuwa mata ne aka bari a waje. Sun samu cikakken 'yancin zaɓe daidai da maza tun 1928, amma sai a 1981 Reform Club ya karɓe su a matsayin cikakkun mambobi. Duk da wannan jinkiri, shi ne na farko cikin tsofaffin kulob-kulob na maza da ya yi haka. Garrick Club bai amince ba sai a 2024.

Duk mai son kafa ƙungiyar da za ta wuce zamaninsa yana da abin ɗauka a nan. Manufar da ta tara mutane tana iya cika ko ta tsufa, jam'iyya tana iya rushewa, amma idan akwai wurin zama mai kyau da abinci mai daɗi da hira ta gaskiya, mutane za su ci gaba da zuwa. Kuma gidan da aka kafa da sunan faɗaɗa haƙƙin jama'a, wajibi ne kowane ƙarni na mambobinsa ya sake duba wanda aka hana kujera, ya ba shi.